GeForce4 MX 440: rangwame ne ko cuta?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakana. Katin hoton kwamfutar nan (na'urar da ke zana hoto a allo) GeForce4 MX 440 da kamfanin Nvidia ya fitar a Fabrairun 2002 cuta ne. A kwali an rubuta 4, amma cikinsa ginin tsohon katin GeForce2 ne. GeForce3 da ya girme shi da shekara guda yana da fiksel sheda, wato sashen da masu haɗa gem ke ba umarnin yadda haske da inuwa za su sauka a kan kowane ɗigon hoto. Shi kuwa MX ko ƙamshinsa babu. Mai saye ya ga 4, dole ya ɗauka ya fi 3.

Malam: Haba Injiniya, kalmar cuta ta yi nauyi. Kuɗinsa bai kai rabin na babban yayansa GeForce4 Ti 4600 ba. Ka soka shi a ramin AGP, wato mazaunin katin hoto a cikin kwamfuta, ga ɗan ƙarfen sanyayawa a kansa, wasu ko fanka babu, ya ja maka gem irin su Quake III da Counter-Strike da Warcraft III sumul. Mai ƙaramin ƙarfi me zai nema kuma?

Auta: Malam, a gafarce ni, amma a 2003 Prince of Persia: The Sands of Time da Deus Ex: Invisible War ba su tashi a kansa ba. Ba tafiyar hawainiya ba fa, ƙin buɗewa ɗungurungum. Katin da bai cika shekara biyu ba!

Injiniya: Yawwa Auta. Tun a 2002 John Carmack na kamfanin id Software, masu haɗa gem ɗin Doom 3, ya ja kunnen mutane kada su saye shi don wannan gem ɗin.

Malam: Amma da Doom 3 ya fito a 2004 ai ya tashi a kansa.

Injiniya: Don sun rubuta masa hanya ta daban ne, ganin yawan kwamfutocin da ke ɗauke da shi.

Yaya Babba: Ni arahar ba ta dame ni ba, GeForce2 MX na 2000 ma mai araha ne, kuma ba wanda ya ce an cuce shi, domin jinin GeForce2 ne na gaskiya, an dai rage masa bututun zane daga huɗu zuwa biyu. Kuma Malam, a tsakiyar 2002 kamfanin ATI, abokin gogayyar Nvidia, ya fitar da katin Radeon 9000 Pro a kusan farashi ɗaya, da fiksel shedarsa. Ashe ana iya yi.

Malam: Wannan na karɓa, Yaya. Amma wanda ya saya a watan Maris, ina zai ga Radeon ɗin da bai fito ba tukuna?