Tallafin gidan farko a Kwinsland: zan iya sayen fili da shi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar gida a Ostireliya. Shekarata bakwai a Birisben, bara na samu takardar zama na dindindin. Mu biyar ne a gidan haya mai ɗaki biyu. Na ci karo da wani fili na dala 28,000 can yamma da garin Toowoomba, tafiyar kusan awa huɗu daga nan, kuma tallafin gidan farko na gwamnati, First Home Owner Grant, a jiharmu ta Kwinsland dala 30,000 ne. Tunanina in karɓi tallafin in biya filin, in bar shi shekara uku ko huɗu har in tara kuɗin gini. Aikina a birni yake, ba zan iya tarewa can yanzu ba. Abin da na ajiye 19,000 ne. Daga ni har mai ɗakina babu wanda ya taɓa mallakar gida a ƙasar nan. Dillalin ya ce wani ma ya taya, in ba shi amsa kafin Juma'a. Hakan zai yiwu?

Sani Melbon: Wa alaikumus salam. Ka saya kawai ɗan'uwa, ƙasa ba ta ruɓewa. Amma wa ya ce maka 30,000? Ni na karɓa da hannuna a 2021, dala 10,000 ne cif.

Maman Walid: Malam Sani, kai a Biktoriya kake, shi kuma a Kwinsland. Kowace jiha da nata adadin. An fara shirin ranar 1 ga Yuli 2000 don rage wa mutane raɗaɗin harajin kayayyaki da ayyuka, wato GST, lokacin 7,000 ake bayarwa. Kwinsland ta ninka nata daga 15,000 zuwa 30,000 ga kwangilolin da aka sa wa hannu daga 20 ga Nuwamba 2023. Baban Hanifa, matsalarka ba adadin ba ce. Ba a ba da kuɗin nan don fili zalla. Sai da sabon gida, ko kwangilar gini da ka sa wa hannu, ko kai da kanka kake ginawa, kuma kuɗin fili da na gini a haɗe kada su kai 750,000. Mu sai da banki ya saki kason farko na kuɗin gini sannan namu ya shigo. Bayan an gama kuma dole ka tare cikin shekara ɗaya, ka zauna wata shida a jere. In ba haka ba za su ce ka dawo da kuɗinsu.

Kawu Idi: Yaro, ka saurare ni, don abin da kake shirin yi shi na yi a 2018, har yau ban warke ba. Na sayi fili 24,000 a wani ƙauye, na gani a hoto, itatuwa kore shar, na ce Alhamdulillahi na yi gida. Ranar da na kai iyalina mu gani, kwalta ta ƙare tun saura kilomita goma sha ɗaya, sai burji, sai kuma wata 'yar hanya da mota ta riƙa dukan ƙasa da cikinta. Da muka isa ban ma gane iyakar filin ba, ciyawa ta kai min ƙirji. Matata ba ta fito daga mota ba. Kallona kawai ta yi ta gilashi, kuma wannan kallon ya fi min zagi ciwo.

Duk da haka na dage. Na biya safiyo ya kafa turaku, na biya awon ƙasa, aka ce laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, harsashi na musamman take so. Na nemi a ja min wuta, aka ce sai falwaya shida da tiransifoma, 41,000. Babu ruwan famfo, babu magudanar bayan gida, sai tanki da sokawe na zamani, aka yanka min 18,000. Sannan aka auna haɗarin gobarar daji, aka sa filin a matakin BAL-40, wato tagogi da rufi da bango duk sai masu jure wuta. Magina uku na kira, biyu suka ce nisa ya yi yawa, na ukun ya ƙara kuɗin da ko a mafarki ba ni da shi. Banki kuma ya ce ba ya ba da rance a wannan yankin sai na ajiye kusan rabin kuɗin.

To tallafin fa? Ko sisi ban gani ba, tunda ban yi gini ba. Amma takardar harajin fili daga ƙaramar hukuma ba ta taɓa makara ba. Har wasiƙa suka aiko cewa in ban sare ciyawa ba za su sare su aiko min da lissafi. Shekara biyar ina biya. Na sayar a 2023 a kan 21,000, bayan tallan ya yi wata goma sha huɗu babu mai tayawa. Wannan magana ta "wani ma ya taya" ni ma an faɗa min ita, kalma da kalma.

Abba Logan: Allah ya mayar da alheri Kawu. Amma 41,000 na wuta an cuce ka. Abokin aikina sola da batir ya sa, 16,000 komai da komai.

Kawu Idi: Sola ta 16,000 za ta ɗauki iyali mai yara huɗu da na'urar sanyaya ɗaki a watan Janairu, lokacin tsananin zafi a ƙasar nan? Ka je can ka kwana biyu ka dawo mu yi magana.

Hajiya Ta Sidni: Mu sokawe 12,000 muka biya, ba 18,000 ba. Ƙanwata kuma 25,000 aka ce mata saboda filinta kusa da rafi yake. Kowa da irin ƙasarsa. A nan New South Wales ma tallafin 10,000 ne, ko kuɗin shinge da hanyar shiga mota bai biya mana ba.

Ɗan Gayu: Baban Hanifa, in arha kake nema ka tafi tsibirin Russell da ke kusa da Birisben. A shekarun 1970 an sayar wa mutane fulotai a can waɗanda ruwa ke shanyewa in teku ta cika. Ka roƙi dillalin ya haɗa maka da kwale-kwale, gyara ke nan.

Maman Walid: Ana maganar kuɗin da bawan Allah ya yi shekara bakwai yana tarawa, kai kana wasa.

Nura Dillalin Rance: Ni sana'ata ke nan, bari in gyara wasu abubuwa. Na ɗaya, sayen fili zalla ba ya hana ka tallafin daga baya, domin fili ba gidan zama ba ne. Kana iya saye yau da kuɗinka, ka nemi tallafi ranar da ka sa hannu a kwangilar gini, amma adadin da ke aiki a ranar za ka samu, ba na yau ba. Na biyu, akwai rangwamen harajin canjin mallaka ga filin gidan farko, sai dai da sharaɗin ka gina ka tare cikin shekara biyu. A filin 28,000 harajin nan dala 345 ne kacal, bai kai ka ɗaure kanka da sharaɗi ba. Labarin Kawu abin tausayi ne, amma laifin rashin bincike ne. Ina da mutanen da suka yi nasara.

Kawu Idi: Rashin bincike? Kai da ake biyanka lada in mutum ya ci bashi, kai za ka gaya masa gaskiya? Mutum nawa ka hana saye tun da ka fara aikin nan?

Nura Dillalin Rance: Kawu, da girmanka. Ban ce ya saya ba. Mai ajiyar 19,000 ko ofishina ya zo zan ce ya dakata. Amma abin da ya sami mutum ɗaya ba shi ne doka ba.

Sani Melbon: Ni dai na fi yarda da wanda ya sha wuyar da kansa.

Hajiya Ta Sidni: Ɗazu fa kai ka ce ya saya kawai.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Na kira dillalin da rana na tambaye shi wuta da ruwa, ya ce "wuta tana kusa". Na ce kusa mita nawa, ya ce zai bincika. Na duba taswirar ambaliya ta ƙaramar hukumar, gefe ɗaya na filin yana cikin shuɗi, kuma duk wanda ya ga ruwan Fabrairun 2022 a Birisben ya san ma'anar wannan launi. Abin da ke tura ni shi ne haya. An ƙara min dala 70 a mako, Hanifa ta girma, har yanzu ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza. Shin in na ɗora ƙaramin gidan nan da ake kawowa a haɗe a kan tirela, zai shiga cikin tallafin?

Abba Logan: 70 kawai? Ni 95 aka ƙara min. Dokar Kwinsland tun Yulin 2023 ta ce sau ɗaya a wata goma sha biyu za a ƙara haya, sai suka koma haɗa ƙarin shekara biyu su buga maka lokaci guda.

Maman Walid: Ni ba ƙarin ne ya fi ƙona min rai lokacin da muke haya ba, duba gidan nan ne na duk wata uku. Yarinya sa'ar 'yata ta shigo da takalmi har kan dardumar salla, tana ɗaukar hoton cikin murhu da banɗaki. Famfon da na yi wata biyar ina roƙo a gyara kuwa tana ganinsa yana ɗiga ta wuce.

Ɗan Gayu: Mu da muka tashi, dala 400 suka nemi cirewa daga kuɗin ajiya saboda ramin ƙusa biyu a bango.

Kawu Idi: Ka kai ƙara hukumar haya ta jiha mana, kuɗin a hannunta yake, ba a hannun ejan ba. Kana da hotunan ranar da ka shiga gidan?

Ɗan Gayu: Suna cikin tsohuwar wayata Kawu, bari in nemo caja.