Neman kalma: me za mu kira zaman dolfin iri biyu a ruwa ɗaya?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya yau kwana uku, na ce bari in kawo ta nan a taya ni. Ina rubuta bayani a kan dolfin, sai na ci karo da kalmar Turanci sympatry. Abin da masana halittu ke nufi da ita shi ne jinsi biyu ko fiye, galibi dangin juna, suna rayuwa a yanki guda, suna haɗuwa, amma kowanne yana nan a jinsinsa. Wani masanin ƙwari na Jami'ar Oxford, Edward Poulton, shi ya ƙera ta a 1904 daga Girkanci: gaɓar farko "tare", ta biyu "ƙasar uba". Su ma ƙera ta suka yi, ba daga sama ta faɗo musu ba. Don haka ban ga dalilin da zai sa mu rubuta "simfatiri" mu kakkaɓe hannu ba.

Sunan dabbar kansa na bar shi yadda yake, dolfin. Roƙona ɗaya, a daina cewa "kifin dolfin". Da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, uwa tana shayar da ɗanta. Kuma ba ayu ba ne, ayu ciyawa yake ci.

Malam da Yaya da wani ɗan uwa sun riga sun kawo shawarwarinsu a zauren nan. Kafin in zo kansu, ga abin da nake so kalmar ta ɗauka. A mashigin tekun Cleveland, gaban birnin Townsville a arewa maso gabashin Ostiraliya, akwai dolfin iri biyu. Ɗaya mai dunƙulallen kai ne, ba shi da dogon baki, fiffiken bayansa guntu. Sai a 2005 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa. Ɗayan shi ne wanda ake kira mai doro, ko da yake na Ostiraliyan doron ma ba shi da shi, sunan dangi kawai ya gada, shi kuma a 2014 aka ware shi. In ka hango su daga kwale-kwale za ka rantse wuri ɗaya suke: bakin kogi, kusa da tashar jiragen ruwa, ruwa mai laka. Amma binciken da Guido Parra ya wallafa a 2006 ya nuna mai guntun fiffike ya fi son ruwa mai zurfin mita 1 zuwa 2, inda ciyawar teku take, mai doro kuma mita 2 zuwa 5, musamman hanyoyin da aka yashe don jirage. Tazarar ba ta wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba. Kuma in sun gamu, sau da yawa mai doro ne ke bin ɗan uwan nasa da kora da cin zali.

Da "zaman tare" na fara, na soke. Kunnen Bahaushe in ya ji zaman tare, lafiya yake jira ta biyo baya, haƙuri da juna, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Kalmar da muke nema ba ta yi wa kowa alkawarin lafiya ba.

Malam, na ga ka kawo "maƙwabtaka". Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Maƙwabci akwai katanga tsakaninka da shi, iyakarka ta taɓa tasa, ba ta shiga ciki ba. Masanan suna da wata kalma dabam ta wannan yanayin, inda yankin jinsi biyu ke gogar juna a baki kawai. In muka kashe maƙwabtaka a nan, gobe in waccan ta zo da me za mu tare ta? A ajiye mata.

Yaya, "cuɗanya" ɗinki ta fi ba ni wahalar ƙi, don akwai inda ta zauna daram. A Bahamas, a ruwan nan garai-garai mai fararen rairayi a ƙasa, mai bincike Denise Herzing tana bin dolfin masu ɗige-ɗige tun 1985, kuma wani jinsin dolfin, masu bakin kwalba, suna nan tare da su. Akan gan su garke ɗaya, suna tafiya, suna wasa, wani lokaci faɗa ya kaure, mazan masu ɗige-ɗige su haɗa kai su tunkari mai bakin kwalba don ya fi su girma nesa ba kusa ba. A gaɓar Kosta Rika kuma, wajen Gandoca da Manzanillo, Laura May-Collado ta naɗi fito ɗin dolfin Guyana da na mai bakin kwalba, ta tarar in sun gauraya sautin da ke fitowa daga garken yakan faɗo tsaka-tsaki, tsakanin na wannan da na wancan. Wannan kam cuɗanya ce. Sai dai ɗan lokaci ne a cikin yini, a watse. Jinsi biyu na iya shekara da shekaru a ruwa ɗaya ba su taɓa gauraya ba, kuma duk da haka kalmar Poulton ta hau kansu. Cuɗanya a bar ta ga garken da ya haɗa jinsi biyu.

Wanda ya kawo "zaman doya da manja", na yi dariya, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba. A mashigin Moray da ke Sukotlan, a 1996 masu bincike suka bayyana abin da ke kashe wata ƙaramar dabbar teku dangin dolfin mai suna porpoise. Gawarwaki ne ke fitowa gaɓa, haƙarƙari a karye, jiki da sawun haƙora, da aka auna tazarar haƙoran sai ta yi daidai da ta mai bakin kwalba. Yana kashe ta ne ya bar ta, ba ya ci. To amma karin maganar ta riga ta yanke hukunci cewa gaba ce. Matsalarta ɗaya da ta zaman tare, sun dai juya wa juna baya ne.

Abin da na tsaya a kai: tarayyar mazauni.

Tarayya ba ta ce ana so ba, ba ta ce ana ƙi ba. Mutum biyu na iya tarayya a gado suna shari'a. Na zaɓi mazauni na bar muhalli da gangan, don muhalli ya riga ya tafi aikin gurɓatar iska da sauyin yanayi, ya yi faɗi da yawa. Kuma ginin yana haihuwa: tarayyar mazauni, maƙwabtakar mazauni ga masu iyaka ɗaya, rabuwar mazauni ga waɗanda teku ko tsauni ya raba. Na gwada ta a jimla in ji ko za ta yi tuntuɓe: "dolfin mai doro da mai guntun fiffike suna tarayyar mazauni a arewacin Ostiraliya." Ba ta yi ba.

Saura guda, kuma a nan ne na fi jin daɗi. Tarayyar mazauni ta faɗi cewa suna wuri ɗaya, ba ta faɗi yadda aka yi ɗaya bai kori ɗaya ba. Tun 1934 wani Barashe, Georgy Gause, ya zuba ƙananan halittu iri biyu a kwalba ɗaya da abinci ɗaya, ya ga ɗaya na ƙarar da ɗaya. Daga nan aka fahimci in ka ga biyu sun daɗe tare, duba da kyau, akwai abin da suka raba: zurfi, ko lokaci, ko abinci. A Bahamas ɗin nan mai bakin kwalba yakan bi ƙasa yana lalube da sauti, in ya ji kifi a ɓoye ya dasa baki cikin rairayi, wani lokaci har kai ya nutse, ya bar rami a bayansa. Masu ɗige-ɗige kuwa da dare sukan fita bakin ruwa mai zurfi su farauci kifi mai tashi. A gaɓar yammacin Kanada abin ya fi haka ban mamaki. Orka, wanda shi ne babba a dangin dolfin, gida-gida ne, ga biyu daga ciki a ruwa ɗaya: ɗaya kifin salmon yake ci, ɗaya dabbobin teku masu shayarwa, kiransu dabam, ba sa auratayya. Mai cin salmon yana surutu yana farauta, ɗayan kuwa shiru yake tafiya don abin farautarsa na da kunne.

Wannan rabon Turawa ke ce wa niche partitioning. Na zauna ina haɗa "kasafin abinci da wuri", "rabon gurbi", duk suna ƙamshin fassara. Can sai na tuna ai an riga an gama mana: zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Fili ɗaya, gwiwa kusa da gwiwa, kowa da ramin da yake kallo. Ina ba da shawarar a taƙaita ta zuwa "zaman marina" a rubutu, a kawo karin maganar cikakkiya sau ɗaya a farko don mai karatu ya kama.

Malam, na san za ka ce karin magana ba ta shiga littafin kimiyya, kuma 'yan marina sana'arsu ɗaya alhali dolfin abincinsu ya bambanta. Ta biyun ina da amsa: farauta ai ita ce sana'ar, duk mafarauta ne, ramin ne dabam. Ta farkon kuma, in an ƙi, "rabon gurbi" tana nan a ajiye, a sa ta a takardar jarrabawa. A bayanin da nake rubutawa dai na riga na sa zaman marina a sakin layi na uku, wajen masu mita 2 da masu mita 5. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo kafin in tura.