Kwana biyar da Baffa a tsofaffin garuruwan Jamus: wace hanya za mu bi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Baffanmu zai zo daga Kano farkon Oktoba. Malamin tarihi ne da ya yi ritaya, irin mutanen nan da in ka tsayar da su gaban tsohuwar katanga sai su manta ba su karya ba. Muna so mu ɗauki motar haya daga Frankfurt mu zaga da shi kwana biyar a hutun yara. Mu biyar ne, ni da Baban Ilham da yara biyu da Baffa, kuma gwiwarsa ta hagu tana matsa masa. Na rubuta Heidelberg, Burg Eltz, bakin kogin Rhine, Rothenburg, Neuschwanstein, in da hali har Berlin. Wa ya taɓa yi?

Alhaji Mai Tasi: Wa alaikumus salam. Har Berlin? Ƙanwata, wannan ai gudun hijira kika shirya wa dattijo. Taura biyu ba ta taunuwa. Eltz da Rhine suna yamma da ku, Neuschwanstein na can ƙuryar kudu a bakin iyakar Ostiriya, Berlin kuwa arewa maso gabas. Ki ɗauki layi ɗaya. Akwai hanyar da suke kira Romantische Straße, daga Würzburg zuwa Füssen, kilomita 460 ko kusa da haka, tun 1950 aka tsara ta don baƙi. Allunanta ruwan ƙasa ne, wasu har da rubutun Japananci. Daga gidanku zuwa Würzburg awa ɗaya da rabi ne a A3 in ba cunkoso.

Maman Ilham: To Alhaji, na soke Berlin. Amma Eltz fa, hotonsa ya tsaya min a rai.

Anti Binta Koblenz: Eltz ki ware masa Asabar guda daban, ki biyo ta nan in yi muku tuwo. Ya cancanci haka. Gida ɗaya ke riƙe da shi sama da shekara 850, ba a taɓa rusa shi a yaƙi ba, shi ne ma a bayan takardar Mark 500 ta da. Akwai ƙaramar bas daga wurin ajiye motoci, Baffa ba sai ya gangara da ƙafa ba. Amma farkon Nuwamba suke rufewa sai bazara, kar ki yi sanya. A hanya ku tsaya Kaub ku ga Pfalzgrafenstein, gini a tsakiyar ruwa kamar jirgin da ya kafe. Shingen karɓar kuɗin fito ne na ƙarni na 14, ba jirgin kaya da zai wuce bai biya ba. Mutanen da ma sun san kan haraji.

Malam Na Bayreuth: Tunda Baffa malamin tarihi ne, bari in sa baki. Jamusawa sun raba abin gida biyu. Burg shi ne ginin tsaro, kan dutse, katanga mai kauri, tagogi ƙanana. Schloss kuwa fada ce ta jin daɗi da nuna isa. In ba ki bambance ba za ki kai shi inda zai ce ai wannan jiya aka gina. Neuschwanstein da kowa ke rububi a 1869 aka aza harsashinsa. Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya riga ya shiga Kano tun 1851, ya ga ganuwa a tsaye da ƙofofinta. Sarki Ludwig na biyu na jihar Bavariya mafarkin tsohon zamani ya gina da kayan zamaninsa, har da ruwan famfo da na'urar ɗumama ɗaki. Ya rasu a 1886 ba a gama ba, kwanakin da ya yi a ciki ba su kai 200 ba, kuma makonni kaɗan da rasuwarsa aka buɗe wa masu tikiti. Abin da zai taɓa zuciyar Baffa yana garuruwa masu ganuwa: Rothenburg, Dinkelsbühl da Nördlingen.

Ɗan Autan Zaure: Malam ya fara lacca, a kawo alli.

Malam Na Bayreuth: Kai dai zauna ka ƙaru. Würzburg tukuna. Ku shiga Residenz, fadar limaman cocin da suka mulki garin, an gina ta tsakanin 1720 da 1744. A saman babbar matakala akwai zanen wani Ba'italiye, Tiepolo, ya mamaye rufin gaba ɗaya, ya zana nahiyoyi huɗu. Afirka mace ce baƙa zaune kan raƙumi, Asiya kan giwa, Amurka kan kada. Na daɗe tsaye a ƙarƙashin raƙumin nan har wuyana ya ƙage, ina kallon yadda Bature na 1752 yake hango mu, da 'yan kasuwa da kayan fatauci zube a gaba. Ranar 16 ga Maris 1945 jiragen Birtaniya suka ƙone kusan dukkan tsohon garin cikin kamar minti 20, amma rufin nan bai faɗo ba. Ki bar Baffa ya ɗauki lokacinsa a nan, kar a ce masa a yi sauri.

Hajiya Rabi Augsburg: Ni maganar ciki zan yi, tunda maza sun tafi tarihi. 'Yata, naman alade a Bavariya kamar gishiri ne, ko miyar dankali da salak sai ki tarar an barbaɗa. Kalmar da za ki riƙe ita ce Speck, wato naman alade mai kitse, ki tambaya ko akwai shi. Maultaschen, taliyar nan da ake cusa wa nama a ciki, ku bar shi sai in an rubuta na ganye ne. Abin da ba ya ba ni matsala shi ne Käsespätzle, taliyarsu ce da cuku da soyayyar albasa, sai kifin Forelle a wajen Füssen. Shagon döner na Turkawa kusan kowane gari akwai, duk da haka ki tambaya. Ki yi guzuri sosai, don ran Lahadi kantuna a rufe suke, sauran ranaku ma a Bavariya ƙarfe 8 na dare sun ja ƙofa. Kuma ki faɗa wa Baffa tun yanzu, kar a cusa masa kilishi ko dambun nama a jaka. Doka ta hana shigo da nama Tarayyar Turai daga waje, a filin jirgi za a karɓe, wataƙila har da tara.

Maman Ilham: Innalillahi! Hajiya kin cece ni, jiya Umma ke cewa ta ba da sautun kilishi.

Ɗan Autan Zaure: Kilishin a ba ni adireshin wanda zai cinye a Kano. Anti, a Rothenburg za ki ga wani cincin ƙato kamar ƙwallo, Schneeballen. Ku sayi ɗaya ku raba, kar ku sayi biyar. Kyan ɗan maciji ne, a baki busasshe. Wasu kuma suna ɗiga barasa a kwaɓin, a tambaya.

Baban Khalifa: Rothenburg ku kwana a cikinta, shi ne sirrin. Da rana manyan bas-bas na sauke jama'a, wurin ɗaukar hoton nan na Plönlein sai an yi layi. Daga la'asar sakaliya gari sai ya koma naku. Mu da asuba bayan salla muka hau ganuwa, ba kowa sai tattabaru. Hanya ce ta katako mai rufi, tana bin katangar ta ciki, faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, ta ƙananan ramukan harbi kana leƙen waje. Abin da ya tsayar da ni duwatsu ne da aka liƙa a jikin bangon da sunayen mutane, wasu daga Amurka, wasu daga Japan. Bam ya ci wani sashe na garin a 1945, sai aka nemi gudummawa, wanda ya biya kuɗin gyaran mita ɗaya ko fiye a sa sunansa. Wallahi Badala na tuna, yadda ake yaƙutar ƙasarta ana gini a kai. Na san Baffa zai yi magana a nan. Sai dai matakalar hawa a tsaye take, a riƙe shi. Mota kuma ku bar ta a filayen fakin na wajen ganuwa, lungunan ciki ba na babbar mota ba ne.

Malam Na Bayreuth: In gwiwa ta ƙi, Nördlingen ta fi sauƙi. Ganuwarta a zagaye take ba yankewa, kilomita biyu da rabi da ɗoriya, kuma garin shimfiɗe yake. Ga abin mamaki: garin a cikin rami yake zaune, ramin da wani dutse daga sama ya haƙa shekara miliyan 15 da suka wuce, faɗinsa wajen kilomita 25. Dutsen da suka gina cocin garin da shi akwai ƙwayoyin lu'ulu'u a ciki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. 'Yan sama jannatin Apollo 14 sun zo nan a 1970 koyon sanin duwatsu. Hasumiyar cocin, Daniel, mita 90 ce, matakala kusan 350. Yara da babansu su hau su ga bakin ramin, ke da Baffa ku zauna a dandali ku sha shayi.

Alhaji Mai Tasi: Saura tuƙi, a isar wa Baban Ilham. Cikin gari 50, bayan gari 100, kuma da ka ga allon sunan ƙauye mai ruwan ɗorawa, 50 ta fara aiki ko ba a rubuta ba. Nan kyamara ke cin mutane. Shekara 20 ina tuƙi a ƙasar nan, bara sai da wani ƙauye kafin Donauwörth ya ɗauke ni hoto, wasiƙar Yuro 50 ta iske ni har gida. A lungun da ba alama, na dama ke da hanya. Yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba, dole kujerar yara. Mai ku sha a cikin gari, na bakin Autobahn tsada. In lasisinsa na Najeriya ne, wata shida kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a nan.

Maman Ilham: Ya yi na Jamus tuni, bayan faɗuwa sau biyu. Kar ku ce na faɗa.

Baban Khalifa: Mun rufe. Motar haya ku ɗauke ta hoto ta ko'ina kafin ku tashi, har tayoyi. Wani kamfani ya taɓa cire min kuɗi kan ƙarzanen da na tarar a jiki, ba ni da shaida. Ku ce mai giyar hannu kuke so ko otomatik tun wajen yin oda, kuma ku tambayi tayar hunturu, gindin tsaunukan Alps a Oktoba ba a yi masa alkawari.

Hajiya Rabi Augsburg: In kun iso garinmu ba zancen otal, ɗaki na nan. Zan kai Baffa Fuggerei. Wani attajiri, Jakob Fugger, ya kafa unguwar don talakawan gari, takardar waƙafinta ta 1521 ce, kuma har yau akwai mutane a ciki. Kuɗin haya na shekara guda santi 88, bai cika Yuro ɗaya ba. Sharaɗi mutum ya zama mabuƙaci ɗan Katolika mazaunin Augsburg, ya riƙa addu'a uku kullum. Ƙarfe 10 na dare ake rufe ƙofofin unguwar. Duk wanda na kai sai ya ce ai wannan sadaka mai gudana ce. Masallatai kuma muna da su da yawa, Juma'arku ta faɗo nan in za ta yiwu.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Ni dai kar Malam ya sa a hana yara Neuschwanstein. Sabo ne ko tsoho, in ka tsaya kan gadar Marienbrücke ka hango shi da tafkuna a bayansa, bakinka zai mutu. Amma ku sayi tikiti ta intanet tun yanzu. Kowane tikiti da lokacinsa, in kun makara ya ƙone. Mu haka ta same mu, mun raina hawan, ashe minti 30 zuwa 40 ne a ƙafa, muka iso muna haki an riga an shige. Bas tana sauke mutane kusa da gada, daga nan a gangaro. Keken doki yana tsayawa ƙasa da ƙofa kaɗan, a ƙarasa da ƙafa. Zagayen ciki rabin awa ne, ba a ɗaukar hoto, matakala kuma ba kaɗan ba.

Malam Na Bayreuth: Ban hana ba. Amma ga mai ciwon gwiwa, a rubuta musu tun da wuri, suna da lif don masu lalura, sai an nema. In bai samu ba, Baffa ya zauna bakin tafkin Alpsee, daga ƙasa ma ana hango ginin. Ku duba tikitin kwana 14 na hukumar fadojin Bavariya, akwai na iyali, ya haɗa Residenz da Neuschwanstein. Ginin fadar Hohenschwangau da ke fuskantarsa ba ya ciki, na zuriyar sarakunan ne, kuɗinsa daban.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga yadda na gyara: Talata Würzburg mu kwana Rothenburg, Laraba mu ƙara kwana a can don Baffa ya huta, Alhamis Dinkelsbühl da Nördlingen mu sauka wajen Hajiya, Juma'a bayan masallaci mu wuce Füssen, Asabar da safe fadar Ludwig, mu kamo hanyar gida.

Alhaji Mai Tasi: Dawowar ta haura kilomita 400, ku bi A7 ta Ulm, ku tashi kafin la'asar. Ku tanadi tsabar Yuro ɗai-ɗai don banɗakin hanya.

Hajiya Rabi Augsburg: Ki tambayar min Baffa, miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya? Daddawata ta kusa ƙarewa, ita dai ba nama ba ce, Umma ta saka min a jakarsa.