Abin da na tsinta kan farfasa manyan shafukan memori a KVM

To ga dai abin da masu harkar KVM, wato sashen Linux da ke tafiyar da VM (kwamfutar da aka ƙirƙira da software a cikin wata kwamfuta), suka fi tsayawa a kai. Babban shafi na 2MB ko 1GB yana da daɗi sosai don TLB (ƙaramin ma'ajin da CPU ke ajiye adireshin shafukan memori) baya cika da wuri, amma ranar da za ka kwashe VM zuwa wata sabar yana kan aiki, dole KVM ya bibiyi duk inda aka yi rubutu a memori, kuma bibiyar nan a kan 4KB ake yinta, kenan shafin 2MB ɗaya sai ya koma guda 512.

Shawarar da ta fi yawa ita ce a farfasa tun farko kafin vCPU (wato CPU ɗin da VM ke aiki da su) su fara cin karo da shafukan ɗaya bayan ɗaya, don in ka bari sai an taɓa sannan a fasa, kowane vCPU sai ya tsaya jira kuma wallahi mai amfani da injin yana ji a jikinsa. Linux 5.18 ya kawo wannan a x86 (CPU irin na Intel da AMD), eager_page_split sunansa.

Amma fa akwai masu cewa in VM ɗin karanta memori kawai ya fi yi, farfasa komai asarar memori ce. Sannan in ƙaurar VM ɗin zuwa wata sabar ba ta yiwu ba, ka leƙa ko manyan shafukan sun dawo.