Yaya ake gane sabon littafin ilimi mai inganci kafin a kafa hujja da shi?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum malamaina. Masu duba kundin digiri na biyu a tarihi da nazarin zamantakewa suna nacewa a kawo littattafan shekaru 5 zuwa 10 da suka wuce. To sababbin sun yi yawa, wasu ma marubutan ne ke yawo da su ofis-ofis. Me ake dubawa a san wanda za a dogara da shi? Kuma ina ake samun na waje ba tare da dala ba?

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da bayan shafin take, kada bango ya ruɗe ki. Ki nemi shekarar bugu, lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya) da sunan kamfanin da ya wallafa. Lambar tana da alƙaluma 13, na Najeriya kuma suna farawa da 978-978, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓo su. Amma lambar rajista ce kawai, ba ta nuna wani masani ya tantance aikin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bambance mai wallafawa da mai bugawa. Mai wallafawa na ƙwarai, irin maɗaba'ar jami'a, yakan tura rubutun ga masana su yi masa tankaɗe da rairaya kafin ya karɓa. Mai injin bugu kuwa, abin da aka miƙa masa shi zai fitar. In sunan mai inji kaɗai kika gani, to marubucin ne alƙalin kansa. Ba lallai aikin ya zama banza ba, akwai tarihin garuruwa masu daraja da suka fito ta wannan hanya, sai dai tantancewar ta dawo kanki.

Mai Tsaron Kanta:
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗora. Malama, juya zuwa manazarta ki nemo shekara mafi kusa. Littafi zai ce 2023 a gaba, amma babu madogarar da ta wuce 2010. Wannan tsohon kundi ne aka yi wa sabuwar riga. Haka sake bugu ba sabon bugu ba ne: in ba a ce an yi gyara ko ƙari ba, shekarar asali ce ke nuna zamanin tunanin.

In tarihi ne, ɗauki hujjoji 3 ki bi sawunsu. Wanda ya ce daga taskar adana takardu ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa (cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello) ya samo, dole ya ba da lambar fayil. Wanda ya yi hira, ya faɗi wuri da rana. In babu, ki ajiye shi.

Littattafan karramawa da ake haɗa wa farfesoshi kuwa, babi-babi ake auna su, don hatsin bara ne. Sunan mai babin za ki kafa, sannan editocin.

Baban Ɗakin Karatu:
Batun na waje: shafin DOAB yana jera littattafan ilimi da aka tantance, ana sauke su kyauta. CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, tana sakin littattafanta da yawa a intanet. Sashen bitar littattafai na mujallar Journal of African History zai gaya miki abin da ya fito da abin da masana suka gani a ciki. Ki kuma tambayi sashen intanet na Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanne rumbunan littattafai na intanet jami'a ke biya wa yanzu, don abin yana canzawa.

In za ki yi fotokwafi, tsaya a kan mai injin ya haɗa da shafin take da bayansa, kuma kada gefen takarda ya cinye lambobin shafi. Su ne ake nema ranar kare kundi.

Ɗalibar Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: littafin da aka sauke ba shi da lambar shafi, yaya ake kafa hujja da shi?

Baban Ɗakin Karatu:
Nemi na PDF, shi ke bin tsarin shafukan bugun takarda. In bai samu ba, ba da lambar babi da kan sashe.