Tambaya: batir ba ya riƙe wuta, dambu ma yana lalacewa kafin dare

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Yamai. Baƙo ne ke neman shawara, mai aiki daga gida ta intanet a unguwar Yantala.

Kayan su ne batir guda mai 12V 100Ah na ruwa, inbata (mai mai da wutar batir irin ta gida) 1000W, kwamfuta mai cin wat 60, akwatin wifi 10, fanka 50. A lissafi, ko rabin batirin aka sha ya kamata ya kai awa huɗu. Amma da an ɗauke wuta da rana, awa ɗaya da rabi inbata ta fara kuka. An duba ruwan batir, an goge kawunansa, caja tana kai 14.4V. Ɗakin kuwa a wannan watan Afrilu zafinsa ya haura digiri 40, shi nake zargi. Zafin ne ya kashe batirin, ko inbatar ce ke cin wuta a banza? Kwamfutar a ɗora ta kai tsaye kan 12V ya fi?

Sai batun abinci. Dambu da kopto (kwaɗon zogale) da aka saya da hantsi, firji ba wuta, la'asar ya fara tsami. Ƙuli-ƙulin da man ne, ko ɗanyar albasar? In an ajiye zogalen daban zai kai dare?

Allah ya saka da alheri.