Baba na dakan gero a biro

Ɗan Adar:
Salamu alaikum ƴan uwa, yau ni ad da kuka. Mu huɗu ne cikin biro guda nan unguwar Plateau ta Yamai, tabur ɗina manne da na wani dattijo sa'an babana, mutumin kirki wallahi har goro yake ba ni, amma in ya hau kilabiyen ordinatar sai ka rantse ana dakan gero, tun takwas na sahe har desant, rapor ɗin da shef ya ce in kai Litinin ga mu Laraba ban wuce shahi biyu ba, kuma bakina bai iya ce mai Baba rage. To na sa shi waƙa, mai amsa ya amsa.

Ni dai Baba ya hana ni sakewa,
Kwas kwas kwas tun sahe ba tsayawa,
Yatsu goma, babu mai hutawa,
In ya kai Entrée har kofi na motsawa,
Lissahina ya watse, sai sakewa.

Baran Katako:
Hhhh ji ɗan gata.

Kai da ke kuka da ɗan taɓawa,
Zo kasuwar Katako ka ga ƙarhe na lanƙwasawa,
Tukunya da akwati ana ƙerawa,
Mu har barci muke ana bugawa,
Kai da kilim bisa kai, har da kokawa?

Ɗan Adar:
Ba ɗaya ba ne aboki. Gudumarku tana da kiɗi, kunne na sabawa. Shi ko sai ya yi tsit har in ce alhamdu lillahi in ɗauko lissahi, sannan ya sako ta kamar ƙanƙara bisa kwano.

Maƙeri in ya buga ka san ta biyu na tahe,
Baba sai ya bari ka manta, ya kashe.

Tsohuwar Sakatariya:
Ɗana, tambaye shi inda ya koyi aiki, na ci amana in ba tsohon daktilo, mai buga takardu bisa mashin, ba ne. Mu da munka koya bisa mashin ta ƙarhe ba wasa ake da ita ba, takarda ukku ko huɗu kake jerawa da karbon tsakaninsu, in ba ka buga da ƙarhi ba ta ƙarshen fara fat za ta hito, in kuwa stensil ne na roneyo, mashin hidda kwahi da yawa, sai harahin ya huda shi sannan tawada ta wuce, ka kai ƙarshen layi ƴar ƙararrawa ta yi ƙirin ka ture kan mashin da hannu ya koma farko, to wannan turewar ce yake sauke ma Entrée ɗinku. Ko da ordinatar ta zo haruffan ba su canza wuri ba, AZERTY ɗin nan dai ce, shi ya sa hannu bai san an sake zamani ba. Ni har wayata jikokina na cewa Hajiya za ki fasa ta.

Ɗana, hannun nan yana da tarihi,
Mashin ta ƙarhe ta koya mai ƙarhi,
Karbon ukku ƙarƙashin kowane shahi,
In ka lallaɓa ba ka ganin kwahi,
Shef ya maido ma, ka sha faɗa da zahi,
Ya tsufa a haka, yau ka ce mai laihi?

Mai Gyaran Ordi:
Hajiya ta gama magana, ni nawa na sana'a ne. Rabin ƙarar daga tabur take, balle in na ƙarhe ne, ganga ce kawai.

Kwantar da ƴan ƙafafun kilabiye na baya,
Ninka tawul ka sa ƙasa, ba wuya,
In ta ƙi, nemo mai roba ka saya,
Ko ka toshe kunne da ekutar waya.

Ɗan Adar:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma, wallahi daktilo ne, yanzu na gane. Mai gyara, ekutar na gwada, shef ya kira ni har sau ukku ban ji ba, ya shigo ya tarar da ni da igiya a kunne ya ce ashe kiɗi nike sha da albashin gwamnati. Tawul ɗin kuma wa zai ɗaga kilabiyen Baba ya sa? Ni?

Bagobirin Yantala:
Tsaya tukuna, dattijon nan wane iri ne?

Ɗan Adar:
Bazabarme.

Bagobirin Yantala:
Ayyo! Ashe bawana ne ke wahal da ku. Wannan ai ba aikin yaro ba ne, aikin ubangida ne, ka nemo Bagobiri ko planto ne ko shofer cikin sarbis ɗinku ka tura mai. Wasan taubashin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014 an ce maku na ado ne?

Bazabarme in ya samu abin daka,
Ko na lantarki ne sai ya kirɓa haka,
Ya ɗauka dambun kopto zai ba ka,
Turo Bagobiri ya ja mai birki, ka huta da kuka.

Ɗan Adar:
Ƴan uwa ga labarin Juma'a. Shofer ɗinmu Bagobiri ne ashe, na ba shi tawul, ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba ya ce kai bawa, turmin gwamnati ne ka samu? Ya ɗaga kilabiyen ya shimfiɗa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce Bagobiri mai zane a kumatu yaushe ka san boko. Sannan ya juyo gare ni ya ce ɗana, tunda ana faɗin gaskiya yau, kurɓar shayinka ma tana kai ni bango, wata shida ina haƙuri.

Tawul ya shiga, ƙara ta yi raguwa,
Entrée dai na nan, ba ta jin lallashi ko kuwwa,
Ni kuma shayi yau a baranda nike shanyewa.

Baran Katako:
Rapor fa?

Ɗan Adar:
Shahi huɗu. Baba ya ce in kawo ya buga mini sauran.